Tarbiyyar Wanda Ba a Fara Rubuta Masa Laifi Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rainon halitta da ni'imominSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban Halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu.

Bayan haka, akwai wani abu da ke faruwa kullum a gidaje, daga Damagaram har Tawa, wanda yawan faruwarsa ya sa an daina ɗaukarsa abin tambaya. Yaro ɗan shekara biyu ya kifar da ƙwaryar fura, ko ya jawo allon yayansa ya lashe rubutun, ko ya yi fitsari a kan buzun sallar mahaifinsa. Sai hannu ya sauka a bayansa. In wani ya yi magana, amsa a shirye take: ladabi ake koya masa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai dukan bai ɗauki kansa azzalumi ba, sau da yawa ma shi ya fi kowa son yaron. Amma tambayar tana nan: shin ana iya ladabtar da wanda bai san laifi ba? In kuwa ba a iyawa, to da me ake tarbiyyar jariri da ɗan yaye, tunda sakin su haka nan ma cin amana ne?

Shari'a ta riga ta yanke rabin maganar. Ya tabbata a hadisi cewa yaro yana cikin waɗanda aka ɗauke wa alƙalami har sai ya balaga. Ko sallah, wadda ita ce ginshiƙin addini, ba a ce a umarci yaro da ita ba sai ya shekara bakwai, ba a kuma yi zancen duka a kanta ba sai ya shekara goma, wato bayan shekara uku cur ana umarni ana tunatarwa. Idan haƙƙin Allah mafi girma an yi masa wannan jinkiri, ƙwaryar fura ba ta isa ta fi shi gaggawa ba. Ranar da furar ta zube ba a rubuta wa yaron komai ba. In an yi rubutu, a littafin mai hannun aka yi shi.

Imamu Gazali, wanda ya yi wafati a shekara ta 505 bayan Hijira, ya keɓe fasali a kan tarbiyyar yara a cikin Ihya'u Ulumiddin, a littafin horar da rai. Ya ɗauki bayyanar kunya a matsayin alamar cewa hasken hankali ya fara ketowa, wato ranar da yaro ya fara jin nauyin wani abu ya bar shi da kansa. Daga nan ne mai raino yake samun igiyar da zai ja. Kafin wannan rana yaro yana jin zafi, yana jin tsoro, amma ba shi da ma'aunin da zai auna mummuna da kyakkyawa. Mari ba ya koya masa cewa ɓarna ba ta da kyau. Yana koya masa cewa wannan hannun abin tsoro ne, kuma ɓarna tana da lokacin da ba a ganinta. Yaron da aka gina a kan haka yana tashi da gwanintar duban ko ana kallonsa. Ma'abota tarbiyyar zuciya sun san sunan wannan cuta idan ta girma, sun kuma san shekarun da muridi yake kwashewa yana yaƙi da riya kafin aikinsa ya zama don Allah kaɗai. Abin baƙin ciki ne a ce a gida aka shuka masa ita, da sunan ladabi.

Akwai kuma kuskure na biyu, wanda ya fi na farko yawa kuma ya fi shi shiru. Shi ne na wanda ya ce tunda jariri bai san komai ba, to babu abin da za a yi masa sai nono da wanka, tarbiyya sai ya yi wayo an kai shi makarantar allo. Mai duka da mai sakaci sun yi kama da abokan hamayya, alhali daga rijiya ɗaya suka sha. Dukansu sun ɗauka tarbiyya ta hanyar umarni kaɗai take shiga mutum. Ɗaya ya ga umarni bai shiga ba sai ya tura shi da ƙarfi, ɗaya ya ga bai shiga ba sai ya tafi ya jira.

Ƴan'uwa ma'abota ɗariƙa sun fi kowa cancantar gane cewa akwai wata ƙofa. Malaman lugga irin su Ragibul Asfahani sun danganta sunan Allah Rabbu da kalmar tarbiyya, suka fassara ta da ɗaga abu daga mataki zuwa mataki har ya kai cikarsa. Kuma kowane muridi ya san cewa mafi yawan abin da ya samu wurin shehinsa ba a karatu ya same shi ba. A zama ya same shi: yadda shehin yake karɓar baƙo, yadda fuskarsa take idan an kawo masa labari marar daɗi, yadda yake yin shiru. Hali yana ratsa wanda ke zaune kusa da shi kamar yadda ƙanshin turare yake kama tufafi. To babu muridin da ya kai jariri ɗaukar hali. Ba shi da gardama, ba shi da wani shehin da zai kwatanta, ba shi da inda zai je. Wanda ke riƙe da shi shi ne dukan duniyarsa.

Masu binciken halayyar yara sun iske wannan ta tasu hanyar. A shekarar 1975 wani masani a Amurka mai suna Edward Tronick ya gabatar da wani gwaji mai sauƙi. Uwa ta zauna fuska da fuska da jaririnta ɗan watanni, suna wasa. Sai a ce mata ta daskarar da fuskarta na minti biyu ko uku, ba murmushi, ba fushi, kallo kawai. Jaririn yakan gane nan take. Ya yi murmushi don ya dawo da ita, ya miƙa hannu, ya yi ƴar ƙara. In abin ya faskara sai ya kau da kai, jikinsa ya saki, ya fashe da kuka. Ba a dake shi ba, ba a hana shi nono ba, uwar ma tana gabansa. Halarar zuciyarta kawai aka janye, kuma ya ji. Wanda ya san bambancin zikiri da halarto da zikiri da gafala ba zai yi mamakin wannan ba.

Ƙwaƙwalwar jariri a ranar haihuwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu ce na girman ta babba, kuma kafin ya cika shekara uku ta kai wajen kashi 80 cikin 100. Abin da ke saƙa hanyoyinta a wannan tsakani shi ne ɗauki-ba-ni tsakaninsa da mai raino: ya yi gwaranci a amsa masa, ya nuna akuya a ce masa akuya ce, ya yi kuka a zo. A shekarar 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun kawo jarirai ƴan wata tara, waɗanda Turanci kaɗai suke ji a gida, suka zaunar da su sau 12 da masu yi musu magana da harshen Sin. Jariran suka iya rarrabe sautukan harshen. Wani rukunin aka nuna musu mutanen nan suna irin maganar nan a talabijin, ba su ɗauki komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban gilashin salula ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Akwai masu miƙa wa ɗan yaye salula da ƙasida ko karatun Alƙur'ani su ce ai alheri yake ji. Alheri ne, babu musu, amma salula ba ta san lokacin da ya yi murmushi ba. Bege guda ɗaya da kaka ta rera masa yana kan cinyarta, tana dubansa, ya fi masa amfani.

Duk wannan an same shi a aikace wurin Shugaba (S.A.W), kuma abin lura, yawancinsa a cikin sallah aka gan shi. Ya ja sallah yana ɗauke da jikarsa Umama ƴar Sayyida Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Wata rana ya tsawaita sujada har sahabbai suka yi zaton wani abu ya faru ko wahayi ne ke sauka, da ya sallame sai ya gaya musu jikansa ne ya hau bayansa, bai so ya gaggauta shi ba. Ya kasance yana shiga sallah da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan jariri ya taƙaita, don sanin halin da uwar take ciki. Ummu Ƙaisi ƴar Mihsan ta kawo masa ɗanta wanda bai fara cin abinci ba, ya ɗora shi a cinyarsa, yaron ya yi masa fitsari a tufa, sai ya nemi ruwa ya yayyafa, magana ta ƙare. Babu wanda ya fi shi sanin girman tsayuwa gaban Allah, babu wanda ya fi shi tsarkin tufa. Duk da haka bai ɗauki yaro a matsayin mai yanke masa ibada ba.

Wannan wuri ya kamata muridi ya daɗe a kansa. Mutum yana zaune da carbi yana lazimin safe, ɗansa ya rarrafo ya kama carbin yana ja. Sai ya daka masa tsawa, ko ya ƙwala wa uwar kira ta zo ta kwashe ɗanta, sa'an nan ya koma ga istigfari da salati kamar ba abin da ya faru. Kiyaye sharuɗɗan wuridi wajibi ne ga wanda ya ɗauke shi, kuma neman wuri mai natsuwa ba laifi ba ne. Amma yaron ya ɗauki darasi a wannan safiya, darasinsa na farko a kan zikiri: lokaci ne da fuskar baba take ɓaci. Da mahaifin ya ɗora shi a cinya ya ci gaba, ko ya miƙa masa wani tsohon carbi ya yi ta wasa, da ya haɗa ambaton Allah da ɗumin jikin mahaifinsa tun kafin ya san ma'anar ko kalma ɗaya. Ana yawan kukan cewa ƴaƴan ƴan'uwa suna girma su guje wa zawiya. Dalilan suna da yawa, amma wannan yana cikinsu.

Al'adar Hausa ta zo da alheri mai yawa a wannan fage, kuma bai kamata a raina shi ba. Goyo kaɗai ya ishi misali. A Kanada an yi gwaji a shekarar 1986, aka ce wa wasu iyaye su ƙara yawan ɗaukar jariransu a jiki, sai aka iske a sati na shida kukansu ya ragu da kashi 43 cikin 100. Abin da aka auna a can, a nan majanyi ya daɗe da sanin sa. Ga wasan kaka da jika, inda tsohuwa take kiran ɗan wata shida maigidanta tana yi masa tsiyar bai kawo cefane ba, shi kuwa yana ta ƙyalƙyala dariya. Ga tawai, ga waƙar rarrashi, ga tafin da ake yi wa mai koyon tafiya, ga gida cike da hannaye. Sai dai goyo yana da gibi guda: na baya ba ya ganin fuska. Uwa tana iya wuni da ɗa a bayanta, daga rijiya zuwa turmi zuwa murhu, jikinsu a haɗe, amma ba su haɗa ido ba sai lokacin nono. Wasu kuma suna jin nauyin yi wa jariri magana, kada a ce sun zautu suna hira da wanda ba ya ji. Yana ji. Tun yana ciki ya san muryar uwarsa. Mai daka da ke gaya wa ɗanta cewa ga gero, ga taɓarya, yanzu za a sheƙe, karatu take ba shi, kuma ba ta kashe ko dala ba.

A Kingston, babban birnin Jamaika, a shekarun 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 waɗanda ƙarancin abinci ya tsumburar da su, masu wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar gidajensu sau ɗaya a sati har shekara biyu, suna nuna wa iyaye yadda za su yi wasa da hira da su, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka sake nemo su, aka iske abin da suke samu a sana'a ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. Arziki na Allah ne, lissafin kuwa yana nuna cewa abin ya bar gurbi. A ƙasar da tamowa ke kai yara likita kowace damina, wannan labari yana da nauyi: yaron da ya fi rauni shi ya fi buƙatar a yi masa wasa, kuma shi ne aka fi barin sa kwance don ba ya rigima.

Sai maganar kunyar ɗan fari, wadda take da wuyar taɓawa. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, uba ma haka. Kunya abu ce mai daraja, kuma al'adar ba ta bar yaron a banza ba, domin a gidan gandu kakanni da gwaggwanni suke karɓe shi su cika masa abin da iyaye suka janye. Amma ma'auratan da ke ɗakin haya a Yamai, babu kaka babu gwaggo, in suka riƙe kunyar yadda aka gada, wa ya rage wa yaron? Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (S.A.W) yana sumbatar Sayyidina Hasan, ya ce shi yana da ƴaƴa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, kuma amsar da ya samu ta danganta samun rahama da yin ta. Ɗansa Ibrahim kuwa ana shayar da shi a gidan wani maƙeri a unguwannin saman Madina, Shugaba (S.A.W) yakan taka har can, ya shiga gidan da hayaƙin ƙira, ya ɗauke shi ya sumbace shi ya dawo. Wanda yake jin nauyin surukai ya ji nauyinsu a tsakar gida. A cikin ɗaki babu surukai.

Mai hankali zai ce: to a bar yaro ya sangarce ke nan? Ga wuta a murhu, ga rijiya a buɗe, ga kabu-kabu a ƙofar gida. Kuma magabata da bulala aka raine su, ga shi sun fi na yanzu ladabi. Wannan magana tana da ƙarfi, ba a ture ta da hannu ɗaya. Amma magabata ba bulala kaɗai suka samu ba. Sun samu goyo na shekara biyu, da kaka, da tatsuniya, da dattawan da suke aikata abin da suke faɗa. Waɗannan suka gina su, bulalar ta shiga cikin lissafi ne kawai don ita ake tunawa. Yanzu da yawa daga cikin waɗancan sun yi ƙaranci, in aka riƙe bulala ita kaɗai, an riƙe ɓawo an yar da ƙwaya. Karin maganar ɗanyen icce ma, wanda ya taɓa lanƙwasa tsumagiya don yin baka ko kan ɗaki ya san da sannu ake yi, a ɗaure a bar shi ya kwana. Wanda ya yi da ƙarfi lokaci ɗaya, karyewa take yi.

Iyaka dole ce, kuma rashin ta zalunci ne. Sai dai iyakar ɗan shekara ɗaya ko biyu a hannun babba take, ba a kunnen yaro ba. Wuƙa a ɗauke ta, rijiya a rufe ta, kananzir da magani a sa su sama. In ya nufi wuta a ɗauke shi cak, a ce masa a'a, zafi, da murya tsayayya, a ba shi wani abin. Zai koma, a sake ɗauke shi. Zai koma sau goma, domin maimaitawa ita ce hanyar karatunsa, kamar yadda yake yar da cokali sau ashirin don ya ga ko kullum ƙasa yake faɗawa. Abin da ke ladabtar da shi shi ne a'a ta yau ta zama a'a ta gobe, ta uwa ta zama ta uba. Yaron da ake hana shi abu yau, gobe ya yi birgima a ba shi, jibi a mare shi a kansa, ba a koya masa komai ba sai cewa duniya ba ta da ƙa'ida. Ƙiwar da yake farawa wajen wata takwas, ya ƙi zuwa hannun baƙo, ita ma ba rashin tarbiyya ba ce, alama ce ya san nasa. Ba a ƙwace shi da ƙarfi a miƙa don a faranta wa baƙo.

Birgima kuwa tana da asali a halitta. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda da shi mutum yake danne fushi ya jinkirta sha'awa, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin. Ɗan shekara biyu in fushi ya taso masa ba shi da linzami. Natsuwar babba yake ara, kamar yadda mai rauni a hanya yake tafiya da himmar shehinsa kafin tasa ta tsaya. In babban ma ya harzuƙa, an zama yara biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya yana da ƙarfi. A nan ne ainihin mujahada take. Magungunan fushi da sunna ta koyar, neman tsari, yin shiru, zama in ana tsaye, alwala, babu inda aka fi buƙatarsu kamar gaban yaro mai ihu da ƙarfe biyun dare. In abin ya kai maƙura, a kwantar da jariri wuri mai aminci a fita a sha iska. Kada a girgiza shi ko kaɗan. Wuyansa bai yi ƙwari ba, girgiza mai ƙarfi tana iya zubar da jini a ƙwaƙwalwarsa, ta makantar da shi ko ta kashe shi, kuma sau da yawa mai yin ta bai yi nufin komai ba sai ya yi shiru.

Akwai wata hanya da ake ɗauka mai sauƙi ce, wato ƙarya da tsoratarwa. Ga dodo nan, za a kira likita ya yi maka allura, yi shiru in sayo maka alewa. Abdullahi ɗan Amir ya ba da labarin cewa yana ƙarami mahaifiyarsa ta kira shi da alƙawarin za ta ba shi wani abu, Annabi (S.A.W) yana gidan. Ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Ke nan yaron da ba a rubuta masa laifi, ana rubuta laifin da aka yi masa. Mai tsoratar da yaro da allura kuma shi zai sha wahala ranar rigakafi.

Wuri mafi nauyi shi ne rabuwa. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a ƙarshen 1989, duniya ta ga dubban yara a gidajen marayu, ana ba su abinci, ana canza musu tsumma, amma babu mutum guda da yake nasu. Da yawa sun daina kuka, don sun gane ba mai zuwa. Binciken da aka fara a Bukares a shekarar 2000 a kan yara 136 ya nuna cewa waɗanda aka mayar cikin iyali kafin su cika shekara biyu sun fi farfaɗowa. Yaro yana buƙatar fuska tabbatacciya, ko ta uwa, ko ta kaka, ko ta gwaggo. Saboda haka yaye na rana ɗaya, a shafa maɗaci a nono a ɗauke shi zuwa wani gari wurin kakar da bai saba da ita ba, yana raba shi da nono da baya da fuska a yini guda. Inda kakar ta gida ce, ya san ta, abin da sauƙi. Inda ba haka ba, a yi a hankali, a rage shayarwa kaɗan-kaɗan, a saba masa da wadda za ta karɓe shi. Idan aure ya mutu kuma, mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, ta bar riƙon yaro a hannun uwa muddin ba ta yi wani aure ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, bayan uwa kuma kaka ta wajen uwa. Mutumin da ya ƙwace ɗan yaye don ya ƙona ran matar da ya saka, ya ajiye shi wurin wadda ba ta nema ba, ya saɓa wa littafin da ya karanta a zaure, kuma wanda ya fi ƙonewa bai san dalilin rigimar ba.

Duk abin da aka faɗa yana da sauƙi a baki, kuma rashin adalci ne a jibge shi a kan mace ita kaɗai. Wadda ta tashi tun asuba, ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ga ciki ga goyo, maigida ya tafi cin rani ko yana majalisa har dare, ba a yi mata wa'azin haƙuri sai an rage mata kaya. Natsuwar da yaro zai ara wurinta sai an bar mata ita tukuna. Namijin da ya karɓi yaro tsakanin la'asar da magariba, ko ya sayi garuwa don ta huta da rijiya, ko ya kame bakinsa daga yi mata tsawa a gaban ƴaƴa, ya shiga tarbiyyar ɗansa ta ƙofa mafi kusa.

Akwai kuma mai rainon da ba a cika ambata ba: ƴar shekara bakwai ko takwas da ake ɗaura wa ƙane a baya ta wuni da shi, wani lokaci har ta rasa lakwal da makarantar allo saboda shi. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, don haka yara masu rainon yara suna da yawa ƙwarai. Ita ma an ɗauke mata alƙalami, amma in jaririn ya faɗi ita ake duka, kuma abin da aka yi mata shi take sauke wa na bayanta in ba kowa. Tana buƙatar a nuna mata, a yaba mata, a karɓe ta ta je ta yi wasa. Shugaba (S.A.W) shi ma ya samu irin wannan yaya a gidan Halimatus Sa'adiyya, wato Shaima'u, wadda take ɗaukarsa tana yi masa wasa. Ma'abota sira sun kawo cewa bayan yaƙin Hunaini, a shekara ta 8 bayan Hijira, an zo da ita cikin kamammun Hawazin, ta ce ita ƴar'uwarsa ce ta shayarwa. Da aka nemi alama sai ta ambaci tabon cizon da ya yi mata a baya tana ɗauke da shi, fiye da shekara hamsin da suka wuce. Ya gane alamar, ya shimfiɗa mata mayafinsa ya zaunar da ita a kai, ya ba ta zaɓi ko ta zauna wurinsa cikin girma ko ta koma ga mutanenta da kyauta. Ta zaɓi komawa, ya yi mata kyautar ya sallame ta.